Na'am Ba Suna Ba Ne

Zuwa ga Maigirma Shugaban Kwalejin Haɗa Magunguna, can Kudu.

Daga ɗakin wankin kwalabe na asibiti, Tamale.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta malamai da ɗalibai baki ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan rabona da gida. Na baro Bakori ta ƙasar Katsina ina da shekara goma sha tara, a ayarin kawuna mai fataucin goro, na ce wa mahaifiyata ta ajiye mini gonata, kafin damina na dawo. Kawu ya koma. Ni kuwa kurkunu ya fito mini a ƙafa a nan Tamale, aka bar ni a asibiti, kafin in miƙe ayari ya yi nisa. To ga ni har yau, a asibitin nan dai, ƙafa ta warke tuntuni, gashi ya yi fari.

Sau uku ina rubuto maka da Turanci, Turancin da makarantarku ta gyara mini, bai yi mini rana ba. Shi ya sa yau na rubuto da Hausa, kuma a buɗe. Na aika wa jarida kwafi ɗaya, na liƙa ɗaya a bangon shagon tela a zango, unguwarmu ta Hausawa. Idan babu mai karanta maka, ka sa a kira mai gadin ƙofarku. Ban san shi ba, amma ban taɓa ganin ƙofar gwamnati a ƙasar nan ta Gwalkwas wadda mai gadinta ba ya jin Hausa ba.

Ga maganar a taƙaice, kafin in shiga tsawonta. Sabuwar doka ta ce duk mai haɗa magani sai sunansa ya shiga sabuwar rajista kafin ƙarshen shekarar nan, kuma ba ya shiga sai makarantar da ta koyar da shi ta shaida da takarda. Ni makarantarku ta koyar da ni. Shekara ashirin ina disfensa, wato mai haɗa magani, a asibitin nan. Kun ce ba ku san ni ba. Saboda haka tun farkon damina aka karɓe makullin kabad ɗin magani daga hannuna, aka mai da ni wankin kwalabe, aikin da na fara da shi ina saurayi. Idan shekara ta ƙare ban samu takardarku ba, shi ke nan, hannuna ba zai sake taɓa sikeli da izinin hukuma ba, a nan ko a gida.

Na ɗaya: yadda aka yi na rasa sunana.

Sunana Haruna, sunan mahaifina Idi. Shekara takwas na yi ina wanke kwalabe a ƙarƙashin wani likita Bature da muke kira Likita Mai Lofe. A jikin kwalabe na koyi karatun boko, Turanci kuwa a bakinsa na tsinta, galibi lokacin da yake faɗa. Shi ya ga hannuna ba ya rawa, ya rubuta takarda ya tura ni makarantarku, lokacin tana makarantar disfensa, ba ta zama kwaleji ba.

Da zan tafi ya ce Kudu akwai sauro, ya ɗura mini kwinin na kwana uku a jere. Kai ne shugaban masu magani, ba sai na gaya maka abin da kwinin ke yi wa kunne ba. Ka haɗa da ƙarar lori da ta jirgin ƙasa. Na iso ofishinku kunnena na kuka kamar an saka mini gyare a ciki.

Akawun da ke rubuta sababbin ɗalibai mutumin bakin teku ne, mai saurin baki, kuma bai ɗaga kai ya dube ni ba. Na ga dai leɓensa ya motsa. Daga baya na gane cewa ya yi, “Nem?” wato yana tambayar sunana. Ni ban ji ba, sai na ce, “Na'am?” Ya rubuta. Ya sake magana, ashe sunan mahaifi yake tambaya. Na ƙara matsowa na ce, “Na'am?” Ya sake rubutawa, sannan ya ɗago ya dube ni da fara'a, kamar mai taya ni murna na ci sunan ubana. Tambaya ta uku ita kaɗai na ji, domin ya ɗaga murya: “Tamale?” Na ce i.

Haka aka haifi Naam Naam na Tamale, ranar Litinin da hantsi, ba rago ba wanzami.

Ranka ya daɗe, na'am ba suna ba ne. Abin da Bahaushe mai tarbiyya ke cewa ne idan an kira shi, ko idan an yi magana bai ji ba yana so a maimaita. Da uwata ta bar ni na tashi ina cewa “Me?” kamar marar kunya, da yanzu satifiket ɗina na ɗauke da sunan Mista Me Me, kuma ban san ko da hakan ya fi sauƙi ba.

Na biyu: laifina, don kada a ce na ɓoye.

Kowace safiya malami na kiran suna. Idan ya zo kaina sai ya ce, “Naam!” Ni kuwa a raina in ce, kai, wannan Bature akwai ladabi, har ya koyi kalmarmu. Sai in amsa da ƙarfi, “Na'am!” Aji ya fashe da dariya, ni ma in yi, don a zatona wasa ne tsakanina da malam. Wata biyu muna haka. Sai da aka raba takardun jarrabawar farko na ga abin da ke rubuce a saman tawa.

Na koma wurin akawu. Ya ce tawada ta bushe, rajista ta gwamnati ce, ba a kankare ta, sai dai in ga shugaba. Shugaban wancan lokaci mutum ne da ya kori ɗalibi saboda ya bar murfin kwalba a kife a kan tebur. Ni kaɗai ne ɗan Arewa a ajin. Na tsaya a ƙofar ofishinsa, na ji tarinsa daga ciki, na tuna tsawon hanyar Tamale, na juya. Na ce bari a gama jarrabawa. Aka gama, na ce bari a shiga aji biyu. Haka har shekara uku ta cika, satifiket ya fito da jan hatimi, Naam Naam.

Da na kawo wa Likita Mai Lofe ya karanta, dariya ya yi har lofen ya faɗi ƙasa. Ya ce, “Haruna, ni na san kai ne, kai ka san kai ne, magani kuma ba ruwansa.” Ya sa aka yi masa firam aka rataye a ɗakin magani. A takardun asibiti ina Haruna, a bango ina Naam, shekara ashirin babu wanda ya tambaya. Likita ya koma ƙasarsu, na ji labarin ya rasu. Tsoro ne ya hana ni gyara tun farko, sakaci ya hana ni daga baya. Wannan nawa ne, na ɗauka. Saura naku.

Na uku: littafin tarihinku.

Kun buga ɗan littafi na tarihin makaranta saboda bikin buɗe sabon gini. Mista Kofi, sabon mai haɗa magani da kuka yaye aka turo mana, shi ya zo da shi. Littafi ne mai kyau, takarda mai santsi. A ciki na ga an ware shafi guda ga ɗalibi na farko da ya zo daga Arewa, wai Yarima Naam, ɗan gidan sarautar Dagomba.

Na san yadda aka yi. Mai rubutun ya ga sunan a rajista, ya tambayi wani ɗalibi ɗan nan yankin ma'anarsa, aka ce masa da Dagbanci naam sarauta ce. Gaskiya aka gaya masa. Da ya ga kalmar har sau biyu, sai ya ɗauka sarautar ta yi yawa ke nan, ta uwa da ta uba. Daga nan alƙalami ya kama gudu.

An ce Yarima ya bar fatar sarauta ya zo neman ilimi. Ni fatar da na bari ita ce ta akuya da nake salla a kai, kuma mantawa na yi da ita a lori. An ce mutum ne mai nauyin baki, idan an yi masa magana ba ya ƙara komai a kan ambaton sarautarsa. An ce ba ya cin abinci tare da sauran ɗalibai saboda al'adar gidan sarki. Ranka ya daɗe, ƙaguwa ce a miyar, wata rana dodon koɗi. Ranar farko na tsoma cokali wani abu mai ƙafafu ya taso yana kallona. Garin rogo da sukari na sha shekara uku a bayan ɗaki, ba don sarauta ba. An ce ya fi kowa iya awo, wannan kam gaskiya ne, na gode. Aka rufe da cewa bayan ya gama ya koma Arewa ba a sake jin ɗuriyarsa ba, mai yiwuwa yana kan gadon kakanninsa. Ina kan wani kwandon kwalabe da na kife ne yanzu haka, a kansa nake wannan rubutu.

Tunda tarihi kuke so, bari in gyara muku wani wuri kuma. Littafin ya ce makaranta ta fara da ɗakin gwaji. Sito ne, a bayan wurin wankin zannuwan asibiti. Idan an yi shanya sai mun sunkuya mu bi ta ƙarƙashi kafin mu shiga aji. Mu tara ne, sikeli ɗaya, turmi ɗaya, littafin magunguna ɗaya wanda malam ke kullewa a aljihun tebur kamar gwal. Layi muke bi mu auna. Idan iska ta taso daga teku sai mutum biyu su tsaya su tare taga da jikinsu don kada sikeli ya yi rawa. Ban faɗi wannan don in rage muku daraja ba. Ni a wurina ya fi ɗakin gwajin da kuka rubuta, domin daga wannan siton aka samu mutanen da suka riƙe asibitocin ƙasar nan tun daga bakin teku har iyakar ƙasar da Faransa ke mulki.

Na huɗu: amsoshinku uku.

Wasiƙata ta farko na ce ni Haruna ɗan Idi, na yi karatu a wurinku, ina roƙon shaida. Aka amsa cewa an duba rajista tun daga farkonta, ba a taɓa yin Haruna ba.

Ta biyu na kwafe duk abin da ke jikin satifiket, har lambarsa, na yi bayanin kwinin da akawu. Aka amsa cewa wannan satifiket na Yarima Naam ne, kuma ana so in bayyana yadda aka yi ya zo hannuna. Wato na tashi daga wanda ba a sani ba na koma ɓarawo. Ɓarawon kaina.

Ta uku na rubuta da ɗan zafi, na yarda. Amsar da ta zo ita ce ta fi duka daɗi. Ba a ce komai a kan roƙona ba. An ce tunda alama ta nuna ina da kusanci da gidan Yarima, a taimaka in miƙa masa katin gayyata da ke cikin ambulan. Kwaleji za ta yi farin cikin ganinsa ranar biki, an tanadar masa tikitin jirgi na faskila, taragon manya, da kujera a sahun gaba, kuma za a sa sunansa a sabuwar rajista don girmamawa, ko da ba ya aiki.

Ka ji fa. Wanda bai taɓa wanzuwa ba an ba shi rajista bai roƙa ba. Wanda ya yi shekara ashirin yana auna kwinin, an ce ya kai saƙo.

Na biyar: abin da littafinku ya jawo mini a gari.

Tamale ba ta riƙe magana. Mista Kofi ya karanta wa nas ɗaya, nas ta gaya wa mai koko a bakin asibiti, kafin azahar zango duk ya ji. Matata Sanatu, Badagomba ce, Hausarta irin ta nan, ba ruwanta da mace ko namiji. Na dawo gida na tarar ta tsuguna a ƙofa tana tafa hannu a hankali yadda ake yi wa sarakuna. Ta ce, “Maigida, shekara goma sha takwas ina daka maka sakwara, ashe ni matan sarki ne ban sani ba? Ina doki? Ina zane? Ko sarauta ɗin ma ya tafi Kudu?” Tun daga ranar, in na ce miya ta yi gishiri sai ta ce a yi haƙuri, ba a saba dafa wa fada ba.

Ranar kasuwa kuma makaɗa suka tare ni wajen masu doya, su huɗu, da gangunansu a hammata. Suka kewaye ni suna kiɗa, jama'a ta taru. Babbansu, dattijo ne da aka ce ya haddace asalin kowane ɗan sarki a ƙasar nan, ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi kekena, ya ce, “Baba Disfensa, mun nemi kakanka a cikin ganga tun jiya, ba mu same shi ba. Wane gida ne naku?” Na ce gidan Idi mai gyaran takalma, Bakori. Ya ce, “To, wannan ma gida ne.” Suka yi wa Idi mai takalma kiɗa har sai da na ba da goro. Allah ya ji ƙan mahaifina, bai taɓa samun irin wannan a rayuwarsa ba. Wannan kam ina gode wa kwaleji.

Amma ba duka ne abin dariya ba. Akwai wata tsohuwa daga unguwar Gumani da nake haɗa wa maganin tari shekara da shekaru. Ranar Talatar da ta wuce ta zagayo ta bayan asibiti ta same ni hannuna cikin ruwan sabulu. Ta miƙo kwalbarta ta taga. Na ce ta kai wa Mista Kofi, doka ta hana ni. Ta tsaya tana kallona, ta ce, “Me ka sata?” Na ce ban saci komai ba. Ta ce, “To wa ka kashe?” Ita a saninta ba a sauke mutum daga aikinsa sai da ɗayan biyun nan. Na rasa yadda zan yi mata bayanin akawu da kwinin. Haka ta tafi tana waiwaye, kuma na san abin da za ta faɗa a Gumani.

Na shida: gaskiyar da ke kaina game da ku.

Ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi. Na ga hotunan da ke cikin littafinku. Kun tashi daga bayan shanya kun koma gidan bene a cikin babbar kwaleji, har ana cewa jami'a za ta zama. Kowane ɗalibi da sikelinsa, ga lantarki, ga famfo a kowane tebur, ga 'yan mata sanye da farar riga suna awo, abin da a zamaninmu ko a mafarki. Mu an koya mana yadda ake haɗawa, su ana koya musu dalilin haɗawar. Mista Kofi ya san sababbin alluran nan da ke kashe ciwon da a da sai dai mu ba da maganin zafi mu yi addu'a. Ya san abin da ban sani ba, kuma ba na jin kunyar tambayarsa.

Yaron kirki ne. Papa yake ce mini. Ranar da aka ba shi makullin, a aljihun baya ya saka don kada in riƙa gani. Abin da ba ku koya masa ba shi ne yadda ake gaya wa wadda ba ta da agogo ta sha magani sau uku a rana. Shi ya rubuta da Turanci a jikin kwalba ya miƙa. Ni na nuna masa yadda nake yi: a ja layi uku, a ce asuba, azahar, magariba, in ba mai salla ba ce a ce fitowar rana, tsakiyarta, faɗuwarta, sannan a sa ta maimaita da bakinta. Ya rubuta a littafinsa. Ku ƙara wannan a karatunku, kyauta na ba ku.

Don haka ba na jin haushin girman da kuka yi, ina alfahari da shi. Abin da ke ci mini rai, gidan ya yi girma har ya manta fuskar waɗanda suka tare masa taga.

Na bakwai: me ya hana in zama Yarima in huta?

An ba ni wannan shawara, ba mutum ɗaya ba. Tela ya ce zai ara mini babbar rigar saƙi irin ta Dagomba da hula. Sanatu ta ce za ta bi ni da mafici. Aka ce in hau faskila, in zauna a sahun gaba, duk wanda ya yi mini magana in ce na'am, in karɓi rajista in dawo. Ba ƙarya a ciki ma, in ji su, tunda ni ne dai mutumin. Ba zan ɓoye maka ba, kwana biyu ina juya abin a raina. Ban taɓa shiga faskila ba.

Abu biyu suka hana ni. Darasin farko da aka koya mana a siton nan, kafin a bar mu mu taɓa turmi, shi ne abin da aka rubuta a jikin kwalba dole ya zama shi ne a cikinta. Malam ya ce wanda ya liƙa takardar ƙarya a kwalba ya fi mai ba da dafi laifi, domin mai dafi mutum ɗaya zai kashe. Shekara ashirin ban saɓa wannan ba a kan kwalba. Na saɓa shi a kan kaina saboda tsoro, kuma ga inda ya kai ni. Ba zan ƙara ba da furfura.

Na biyun, ina so in koma gida. Na gaji, ranka ya daɗe. Mahaifina ya rasu ina nan, mahaifiyata ta rasu ina nan, duka a wasiƙa na ji. Ƙanwata Hajara ta rubuto cewa zauren Baba na nan ba ta bari an rushe ba, kuma daga garinmu sai an yi tafiyar yini kafin a samu mai haɗa magani. Ina so in ƙarasa kwanana a zauren nan ina abin da na iya. Ban kai wa mahaifina komai ba yana da rai, ban tsaya a kan kabarinsa ba. Ba zan shiga zaurensa da takardar da ta ce wani ne ya haife ni ba.

Ga roƙona.

A littafinku akwai hoton tsohon sikelinmu, kun saka shi a akwatin gilashi a zauren sabon gini. An rubuta cewa a ƙarƙashin ɗan aljihun da ake ajiye duwatsun awo akwai wani rubutu da Yarima ya zana, wai laya ce ta gidan sarauta. Ina roƙo ka buɗe gilashin, ka zaro aljihun, ka kife shi, ka kira mai gadi ko duk wani malamin zango ya karanta maka. Ajami ne, da bakin ƙusa na yi shi, ranar da akawu ya ce tawada ta bushe. Ga abin da zai karanta, ka riƙe wannan takarda ka gwada: Haruna ɗan Idi, Bakori. Allah ya mai da ni gida.

Idan wannan bai isa ba, a cikin malamanku akwai Mista Kwabena, tare muka yi aji, benci ɗaya. Ka tambaye shi wa ya taka masa ƙafa ranar jarrabawar awo, kuma don me. Ba zan faɗa a jarida ba, yanzu babban mutum ne. Ka ce masa Naam-Naam na gaishe shi, zai tuna.

In ka gamsu, layi biyu kawai nake so zuwa ofishin rajista, kafin ƙarshen shekara: cewa mai satifiket ɗin nan da Haruna ɗan Idi mutum ɗaya ne, kuma a rubuta na biyun. Ba na neman kujerar gaba, ba na neman a ba ni haƙuri. Littafin ma kada ku ƙona, an kashe masa takarda mai kyau. Idan kwaleji na son ɗan sarki a tarihinta, ta riƙe shi, ba ya ci ba ya sha. Ni dai a sake ni.

Allah ya ƙara wa kwaleji girma, ya kai ta matsayin da kuke fata. Allah ya sa a yi biki lafiya a tashi lafiya. Allah ya ba ɗalibanku hannu marar rawa, ya ba akawunanku haƙurin ɗaga kai su dubi wanda ke gabansu. Kai kuma, da yake kai ma baƙo ne a ƙasar nan, Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai ƙasarku da sunanka yadda ka zo da shi.

Kada wani ya zaci dukiya nake karewa, ga abin da na iya tarawa a shekara talatin da ɗaya. Akwatin ƙarfe ɗaya. Farar riga uku, ɗaya da faci. Sikelin tagulla ɗaya na kaina, na saya hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti, da zai bar gari. Turmi biyu. Kofin awo ɗaya. Kwalabe ɗari da sittin da huɗu, na kasuwa ne ba na asibiti ba, wankakku, babu komai a cikinsu. Allon katako ɗaya na saman ƙofa, kafinta ya goge shi, an shafa masa koren fenti, ba a rubuta komai a kai ba tukuna.

Wassalam.

Ni ne tsohon ɗalibinku,
Haruna ɗan Idi, mutumin Bakori,
mazaunin zango, Tamale.